Kawu da Zaman Shirun Laraba

Ranar da Kawu ya rasu, gidanmu na unguwar Zariya ya yi hayaniyar da bai taɓa yi ba tun da aka gina shi. Kafin rana ta take, an kafa rumfa ta cinye rabin layi, an jera kujeru, an ɗaure lasifika biyu a jikin bishiyar bedin ƙofar gida. Wuta ta ɗauke, aka tayar da inji. 'Yan waƙar majami'armu suka zo, na wata majami'ar ma suka zo da gangunansu, kowa na so a ji muryarsa. Ni kuwa ina ta kai da komo tsakanin madafa da zaure, buta a hannu ɗaya, waya a ɗayan, ban ma san abin da nake nema ba.

Kowa da irin kukansa. Matan majami'a suna shigowa suna zubewa a jikin Inna, suna cewa bango ya faɗi. Danginmu na garin Tsibiri, Musulminsu da Kiristansu, suka cika tsakar gida, suna kuka suna gardamar wa za a ba girkin baƙi. Manoman Jiratawa, abokan aikin Kawu, sun zo da taɓo a ƙafa, suka ƙi zama a kujera, suka tsuguna can gefen katanga suna kallon lasifikar nan kamar ba su gane gidan ba. Alhajin da muke katanga ɗaya da shi, wanda motocinsa ke kai kaya har bakin teku, ya shigo ya tsaya gaban Inna. Ya ce, "Allah shi ba ku haƙuri. Wallahi shekara da shekaru ban taɓa jin muryar bawan Allah nan ta ƙetaro katanga ba." Da ƙyar Inna ta ji shi saboda ganga.

Mai wannan shiri duka shi ne mijin ƙanwar Inna, shugaban kwamitin majami'a, wanda kowa ke kira Parzidan. Ni Baba nake ce masa. Mutum ne mai zuciya, ba ya iya ganin abu a kwance bai tashe shi ba, kuma a wannan halin ni da shi kamar shi ya haife ni. Bayan an dawo daga Tsibiri, inda aka binne Kawu kusa da mahaifinsa, Parzidan ya karɓi abin magana ya yi sanarwa. Ya ce don kada a manta da marigayi, daga yanzu zaman Laraba da ya kafa zai koma addu'ar tunawa da shi, da waƙoƙi da wa'azi, kuma za a gayyato 'yan waƙa kowane mako. Aka yi tafi. Inna ta ɗago ta dube ni, ni ma na dube ta, muka kawar da kai.

Wanda bai san zaman Laraba ba ba zai gane abin da ya soki Inna ba, don haka bari in koma baya.

Kawu yayan Inna ne. Yana saurayi ya bar Tsibiri ya tafi wata ƙasa can yamma, ya shiga gidan sufaye, irin mazan nan da ke keɓe kansu su yi rayuwar addu'a da aikin hannu. Ya yi shekaru a can, saura kaɗan ya yi alkawarin zama har mutuwa, sai aka aika masa mahaifinsu ya rasu ya bar ƙanne mata biyu ba mai riƙe su. Ya tattara 'yan tsummokaransa ya dawo. Bai koma ba, bai kuma yi aure ba. Matan dangi sun yi masa tsiyar tuzuru har suka gaji, shi dai sai ya yi murmushi ya ce, "To, na ji." Ya samu 'yar gona a Jiratawa yana noman rani, zogale da albasa da tattasai, ya aurar da ƙannensa, ya tare a ɗakin zauren gidanmu. Ban taɓa jin ya ce ya yi da-na-sanin dawowa ba. Amma na sha ganinsa da asuba a tsaye bakin ƙofa, ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

Abin da ya dawo da shi daga can ba littafi ba ne, ba kuma tufafi ba. Hali ne guda, mai ban haushi in kana zaune da shi. A gidan sufaye, in ƙararrawa ta kaɗa, kome kake yi sai ka ajiye ka tafi addu'a. Kawu ya dawo da wannan ajiyewar. Yana tsakiyar gyaran keke, ko yana tsakiyar ba ka labari, sai ka ga ya tsaya cak, ya sauke hannu, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. In ka yi tsaki, ya ce, "Aje, ba ya guduwa." Ni da nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ga yara, ga waƙa, ga taron mata, wannan magana ta fi komai ƙona mini rai. Komai na rayuwata gudu yake yi, shi kuma yana ce mini ba ya guduwa.

Da yake babu ƙararrawa a Jiratawa, babu a Zariya, Kawu ya mai da kiran salla ƙararrawarsa. Ladan na ɗaga murya, shi kuma zai sauke abin da ke hannunsa ya yi tasa addu'ar a zuci. Ba a daɗe ba magana ta zaga majami'a, wai Kawu ya kusa musulunta. Wata tsohuwa ta tare shi bayan sujadar Lahadi ta tambaye shi gaba da gaba. Ya ce, "Iya, mutane sun tashi suna tuna mini da Allah, ba su ce in biya ba. In toshe kunne don mi?" Tsohuwar ta tafi tana gunaguni, ba ta gamsu ba, kuma bai bi ta da bayani ba.

Kada a ɗauka waliyyi nake zanawa. Halin nan nasa ya taɓa yin ɓarna. A Jiratawa ruwa layi-layi ake ba da shi, in naka ya zo sai ka tsaya kansa, ka buɗe wannan fangali ka toshe wancan. Wata rana, farkon dawowarsa, ya buɗe bakin ruwa ke nan aka kira azahar. Kawu ya ajiye fartanya, ya koma gindin mangwaro ya rufe ido. Ruwa ya cika fangalinsa, ya fasa kunya, ya malale cikin irin albasar maƙwabcinsa da bai daɗe da dasawa ba. Mutumin ya dawo daga salla ya tarar da gonarsa ta zama tafki, ga Kawu zaune lafiya lau. Har tsufansu in suna ba da labarin sai maƙwabcin ya maimaita abin da ya faɗa ranar: "Kai malam! Allahnka bai san ruwa na tahiya ba?" Kawu bai kare kansa ba. Ya kwashe irin da ya tanada don tasa gonar, ya durƙusa tare da mutumin suka sake dashe, shekarar nan shi bai ga albasa ba. Daga ranar, in an kira salla yana kan ruwa, sai ya yi addu'arsa a tsaye da fartanya a hannu, idonsa a kan kunya. Ya kan ce, "Can ƙararrawa ke da iko, nan ruwa ke da iko. Sai da na jiƙa albasar mutane na gane." Wannan maƙwabcin yana cikin waɗanda suka tsuguna gefen katanga ranar rasuwa, kuma shi ya fi kowa jan hanci.

A majami'a ma haka ya riƙa auna abu. Mutane sun ɗauka wanda ya fito gidan sufaye zai so kowa ya kwana a gaban bagadi. Ina! Kawu ya fi kowa korar mutane gida. Akwai shekarar da ba yammacin da ba na majami'a, yau gwajin waƙa, gobe taron mata, jibi koyar da masu shirin baftisma. Ina jin kaina wata babbar ma'aikaciyar Ubangiji. Wata rana na sauka daga babur ɗin kabu-kabu a guje, na tarar da shi a ƙofar majami'a ya tare hanya da kekensa.

"Ɗiyata, yaranki sun ci abinci?"

"Babansu na nan, Kawu. Na makara, ba ni hanya."

"Ke kin ci?"

Ni kuwa tun kokon safe ban sa komai a baki ba.

"Tahi gida," ya ce. "Wanda kike nema nan ciki, shina can wurin tukunyarki. Waƙa ba ta mutuwa don ba ki zo yau ba."

Na koma gida ina huci, na yi kwanaki ina gaishe shi sama-sama. Har yau in na tuna sai in ji ɗan haushin ya motsa, don waƙar kuwa ba ta mutu ba, an ma ce ranar ta fi daɗi.

Akwai kuma wata gwauruwa a majami'armu da ɗanta tilo ya rasu a hatsarin mota. Muka yi ta zuwa rukuni-rukuni, kowa da ayarsa, kowa da bayanin nufin Allah, har matar ta fara rufe ƙofa in ta ji sallama. Kawu ya je da ƙwaryar gyaɗa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta yana ɓara, bai ce uffan ba. Kashegari ya koma, ya sake komawa. Wata rana ta fito ta ja ƙwaryar gabanta ta fara ɓara ita ma. Daga baya ta gaya wa Inna cewa duk garin nan shi kaɗai ne bai zo ya yi mata bayanin Allah ba.

Daga irin wannan ne zaman Laraba ya fito. Kawu ya roƙi Mompe, wato limamin majami'armu na lokacin, a ba shi ɗakin sujada ranar Laraba da la'asar sakaliya. Ba waƙa, ba wa'azi, ba sanarwa. A karanta zabura ɗaya a hankali, sannan kowa ya zauna shiru gaban Allah. Ya ce mutanen majami'ar nan sun gaji, 'yan kasuwa ne da ma'aikata da masu dako, suna fitowa daga hayaniyar gari su shigo wata hayaniyar, ba inda mutum zai ji kansa. Ba wai su zama sufaye ba, a'a, su ɗan ɗanɗana kawai su koma wurin shagunansu da 'ya'yansu.

Parzidan ya ƙi ƙememe, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. A gaban kwamiti ya ce, "Yaya, mu 'yan kaɗan ne cikin garin ga. In munka yi shiru, sai a ce ba mu nan. Yaranmu su ji ko'ina ana ɗaga murya, su zo egiliz, ɗakin Allah, su iske mu kamar gidan makoki?" Kawu ya ce, "Ran Lahadi ku buga har a ji ku Tsibiri, ni ma ina tayawa da tahi. Laraba ɗai nika roƙo." Parzidan ya ce wannan addinin malalata ne. Kawu, wanda ban taɓa jin ya mayar da baƙar magana ba, ranar ya ce, "Kai kuma tsoron zama kake." Maganar ta shiga. Suka yi damina guda ba sa haɗa ido, ko da yake duk girbi sai Kawu ya aika buhun zogale gidan ƙanwarsa, Parzidan kuma yana ci yana cewa ya yi ɗaci. Mompe ya ba da ɗakin. Parzidan bai taɓa taka ƙafarsa zaman ba, ko sau ɗaya.

Zaman bai taɓa cika ba. Wani mako mutum goma sha, wani mako a ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Inna ba ta fashi. Akwai wani tela, da wata ungozoma mai zuwa da kayan aiki, da wani direban babbar mota da ke yin barci yana minshari, Kawu ya hana a tashe shi, ya ce shi ma abin da ya kawo wa Allah ke nan. Ni ina zuwa ina fashi. Gaskiya ban taɓa jin daɗinsa ba. Da na zauna sai ƙafata ta fara rawa, in tuna ban jiƙa wake ba, in tuna takardun yara da ban duba ba, in ji kabu-kabu na wucewa, in ji mai ruwan sanyi na talla. Na taɓa gaya wa Kawu cewa ni shirun nan ba ya shiga ta, kaina kasuwa ce. Ya ce, "To ki zamna bakin kasuwar ki yi kallo. Wa ya ce ki saya?" Ban ce na iya ba. Abin da na sani shi ne, makon da na je, ba na yi wa yarana tsawa kamar makon da ban je ba, kuma su suka fara lura.

Shi ya sa sanarwar Parzidan ta hana ni sukuni. Na san da zuciya ɗaya ya yi ta. Na san duk rumfar nan da lasifikar nan hanyarsa ce ta cewa ya yi rashin yaya, don bai san wata hanyar ba. Amma in aka zuba waƙa da wa'azi a cikin Laraba, sunan Kawu zai zauna, abin da ya kawo kuwa ya tafi, kuma ba wanda zai lura ranar da ya tafi. Na samu Parzidan a shagonsa na faɗa masa haka, ba da ladabin da ya kamata ba.

"Baba, mutumin da ya roƙi shiru, da ganga za a tuna shi?"

"Ke kike wannan magana? Ke da ko a jana'iza ba ki zamna ba?" Ya ajiye wayarsa ɗaya, ɗayar na ta ƙara. "To na ji. Wa za ya ja zaman? Ke? Shi ya san abin da yake yi, can ya koyo. Mu in munka zamna, zaman banza ne kawai. Gara a yi abin da munka iya."

Tambayar da ni ma nake yi wa kaina ke nan. Na je wurin Mompe na yanzu, saurayi ne mai gudun rigima, ya ce mu bari Laraba ta zo mu gani. Kwanakin nan ban zauna wuri ɗaya ba. Na share ɗakin Kawu, na sake sharewa. Na je Jiratawa ba dalili, na tsaya bakin gonarsa, zogale ya yi tsawo ba mai yanka, na juyo. Mijina ya ce in na ci gaba haka sai an ɗaure ni a turke.

Laraba ta zo. Na riga kowa, na karɓi makulli wurin mai gadi na buɗe. Mutane suka fi na kullum yawa, saboda sanarwar. 'Yan waƙa suka shigo da gangarsu suka jingine ta. Parzidan ya zo cikin babbar riga, ya wuce gaba, ya gyara murya zai fara jawabi. Sai Inna, wadda tun rasuwar ba ta yi magana mai tsawo ba, ta ce daga inda take zaune, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Ƙanena, kun yi mishi waƙa, kun kyauta, Allah shi saka. Tun ran da ya tahi ban samu wurin da zan ji rashin yayana ba. Yau ɗai ku bar ni. Zamna nan kusa gare ni."

Parzidan ya tsaya baki buɗe. Ya dubi Mompe, Mompe ya dubi ƙasa. Yayar matarsa ce, ba ya iya musa mata a gaban jama'a. Ya tattara rigarsa ya zauna a gefenta, yana juya makullan mota a hannu. Telan nan ya tashi ya karanta zabura, ya koma ya zauna. Shiru ya sauka.

Ba shiru mai daɗi ba ne. Benci na ƙara, wani na tari, 'yan waƙa na satar kallon juna. Ƙafata ta fara rawarta, kaina ya buɗe kasuwarsa. Amma can cikin hayaniyar kaina sai na ji abin da rumfa da ganga suka tare mini tun ranar farko: Kawu ya mutu, ba zai sake tare mini hanya da keke ba. Na ji shi har cikin haƙarƙarina. Makullan Parzidan suka daina ƙara. Na saci kallonsa, na ga ya dafe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na motsi, Inna ta ɗora hannu a bayansa ba ta buɗe ido ba.

Muka zauna, muka zauna. Hasken taga ya koma ja, ya fara dushewa. Lokacin tashi ya yi, ya wuce, ba wanda ya motsa. Sai a sannan na gane abin da ke faruwa. Duk shekarun nan, Kawu ne ke rufe zaman. Ya kan ƙwanƙwasa benci da ƙashin yatsa, a hankali, sai kowa ya ce amin ya miƙe. Ba wanda ya taɓa tunanin wannan ma aiki ne, ba wanda aka ba shi. Tela na jira, ungozoma na jira, Mompe kansa na jira. Dukanmu mun zauna muna sauraron hannun da ke ƙarƙashin ƙasa a Tsibiri.

Na dubi Inna, ba ta da niyya. Na dubi hannuna. Ni da ban taɓa zama wuri ɗaya da son raina ba, ni da nake zuwa ina fashi, na dunƙule yatsu na ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so, har wata yarinya ta zabura. Aka ce amin a warwatse, aka fara miƙewa. 'Yan waƙa suka ɗauki gangarsu suka fita da ita ba a taɓa ta ba.

Ina tsaye bakin ƙofa da makulli ina jiran kowa ya fita, Parzidan ya zo ƙarshe. Idanunsa sun yi ja, bai yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ya tsaya gabana yana gyara hula, na shirya jin faɗa.

"Kin yi gaggawa, ɗiyata," ya ce. "Ban gama ba. Laraba mai zuwa ki jira ni."